Wasan mota

Wasan mota shi ne tuƙin da direba ke yi don nuna gwaninta ko don tsere da wani, a kan titin da jama'a ke bi ko a wani fili da ba a keɓe don gasa ba. Ya ƙunshi tsere tsakanin motoci biyu ko fiye, da juya mota a wuri ɗaya har tayoyi su yi hayaƙi, da jan birkin hannu ana cikin gudu, da tafiyar da mota a karkace a kan kwana. A garuruwan ƙasar Hausa an fi ganinsa lokacin bikin aure, da Sallah, da murnar kammala makaranta ko cin zaɓe. Yana da ɗan'uwa da ya fi shi yaɗuwa, wato wasan babur. Hukumomi suna kiransa tuƙin ganganci, kuma laifi ne a dokar Najeriya muddin an yi shi a kan hanyar jama'a.

Wasan ya daɗe da haɗuwa da kyamara. A ƙasashe da dama ƙungiyoyin masu sha'awar motoci, har da masu ajiye tsofaffin motoci, sukan haɗa kuɗi su ɗauki fim ɗin tsere na kansu ba tare da wani kamfanin fim ba. Da wayar hannu mai kyamara ta zo, sai ɗaukar ta zama wani ɓangare na wasan kansa: ana yin sa don a ɗauka a yaɗa, kuma bidiyon da ya jawo wa direba suna shi ne yakan zama shaida a kansa a gaban hukuma.

Ire-irensa

Masu wasan sun bambanta tsere da gwaninta. A tsere, abin da ake nema shi ne a riga abokin karawa isa wani wuri da aka yi alkawari, kamar shataletale ko gidan mai. A gwaninta kuwa ba a neman nisa, abin kallo shi ne yadda direba ke sarrafa motar bayan tayoyinta sun daina kama kwalta.

Mafi sauƙi a ciki shi ne juyin birkin hannu. Direba yakan karya sitiyari, ya ja birkin hannu wanda ke riƙe tayoyin baya, sai bayan motar ya zame ta juyo ta fuskanci inda ta fito. Akwai kewaye, inda ake danne totur a kuma karya sitiyari har ƙarshe, motar ta yi ta zagaya kanta tana barin baƙin zobe a ƙasa. Akwai kuma zamiya, wadda matasa ke kira da sunanta na Turanci, drifting. A nan direba yakan sa tayoyin baya su fi ƙarfin riƙon hanya da gangan, sannan ya mayar da sitiyari ɓangaren da bayan motar ke zamewa don kada ta juye gaba ɗaya, ya ci kwanar a haka. A babur, sanannun salo su ne ɗaga tayar gaba, da sakin hannu, da miƙewa tsaye ko kwanciya a kan kujera ana tafiya.

Asalinsa a ƙasar Hausa

Nuna gwaninta a kan abin hawa a gaban taro ya girmi mota. A hawan Sallah na Kano, Katsina, Zazzau da sauran masarautu, mahaya sukan yi jafi: su sako dawaki a guje zuwa gaban sarki, su ja linzami su tsaya cak, su ɗaga hannu su yi jinjina. Akwai sukuwa, akwai kilisa da samari ke fita da dawaki da yamma, akwai kuma hawan angwanci. Hukumar UNESCO ta sa hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun duniya a watan Disamba na 2024. Wasan mota ya zauna a irin wuraren da doki ya saba zama, musamman rakiyar ango da amarya, sai dai hawan sarki yana da fili da lokaci da masu tsaron layi, shi kuwa wasan mota a tsakiyar masu wucewa ake yinsa.

Mota ta shigo Arewa a farkon mulkin Turawa, kuma Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, yana cikin sarakunan farko da suka mallake ta. Ba ta zama abin da ɗan kasuwa ko ma'aikaci zai iya saya ba sai a shekarun 1970, lokacin da kuɗin man fetur ya yawaita. Daga shekarun 1980 sana'ar acaba ta cika birane da matasan da suka ƙware a kan babur. Gwamnatin Kano ta hana ɗaukar fasinja a babur a watan Janairu na 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin Sarki Ado Bayero, amma hanin bai shafi mai hawan babur ɗinsa shi kaɗai ba.

Murnar siyasa ma ta zama dandalin wasan. Da aka bayyana sakamakon zaɓen shugaban ƙasa a ƙarshen Maris na 2015, matasa sun cika titunan biranen Arewa da motoci da babura da Keke Napep suna wasa, an kuma rasa rayuka a haɗurran da suka biyo baya.

Motocin da ake amfani da su

Motar da injinta ke juya tayoyin baya ita ce ta fi dacewa da zamiya da kewaye, domin tayoyin gaba suna tuƙi, na baya suna turawa, direba kuma yana iya raba aikin biyu tsakanin sitiyari da totur. Yawancin ƙananan motocin zamani tayoyin gaba ne ke jan su, don haka masu wasan suka fi neman tsofaffi: BMW samfurin 3 na shekarun 1980 da 1990, da Mercedes-Benz 190 da ire-irenta. Tsohuwar mota tana da araha, injinta ba shi da na'urorin kwamfuta masu yawa, kuma ba ta da na'urar da ke hana zamewa wadda za ta katse wa direba wasa. Masu Golf ko Honda sukan tsaya a juyin birkin hannu.

Najeriya tana da nata tarihin irin waɗannan motoci. Kamfanin haɗa Peugeot na Kakuri a Kaduna ya fara aiki a 1975, a shekarar da aka fara haɗa Volkswagen a Legas. Peugeot 504, wadda Hausawa ke kira Fijo, ta fito a Faransa a 1968, kuma an ci gaba da haɗa ta a Kaduna shekaru da yawa bayan an daina ƙera ta a Turai. Tayoyin baya ne ke jan ta, tana da tsayi daga ƙasa, tana jure gargada. Ita ce ta lashe tseren Safari na Kenya a 1975 a hannun Ove Andersson, ɗan ƙasar Suwidin, sannan wani samfurinta mai ƙofa biyu ya sake lashe shi a 1978. Ta kasance motar gwamnati, motar haya tsakanin gari da gari, da kuma a-kori-kura ta kai kaya kasuwa.

Daga baya motoci na hannu daga Turai, waɗanda ake kira 'yan Kwatano saboda tashar jiragen ruwan da suke sauka, suka mamaye kasuwa. Gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa daga 1 ga Janairu 2017. Abin da ke riƙe da tsofaffin motoci a hanya shi ne makanikai da kasuwannin kayan gyara irin su Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna, inda ake samun inji, giya da kayan ƙafa na motocin da kamfanoninsu suka daɗe da daina yi.

Ƙungiyoyin masu tsofaffin motoci

A Turai da Amurka ajiye tsohuwar mota sha'awa ce mai ƙungiyoyi da ƙa'idoji. An kafa ƙungiyar masu tsofaffin motoci ta Birtaniya a 1930, ta Amurka kuma a 1935. Haɗaɗɗiyar ƙungiyarsu ta duniya, FIVA, wadda aka kafa a 1966, tana ɗaukar mota a matsayin ta tarihi idan ta kai shekara 30, an adana ta yadda aka ƙera ta, kuma ba da ita ake zirga-zirgar yau da kullum ba. A Afirka, sanannen taronsu shi ne baje kolin tsofaffin motoci na Nairobi, wanda ƙungiyar masu Alfa Romeo ta Kenya ke shiryawa duk shekara.

Wani reshe na wannan sha'awa ya tashi ne daga tsere. A kudancin jihar Kalifoniya ta Amurka, tun shekarun 1930, matasa kan sayi tsofaffin Ford masu arha, su rage musu nauyi, su ƙara wa injin ƙarfi, su yi tsere a busassun tafkuna da kuma kan titi da dare. Yawan haɗurra da kamun 'yan sanda ya sa Wally Parks ya kafa hukumar NHRA a 1951 don a mayar da tseren cikin fili mai ƙa'ida.

A ƙasar Hausa tsohuwar mota ta fi zama kayan aiki. Takan ci gaba da ɗaukar fasinja da buhuna har sai bodi ya ƙare, sannan a kwance ta a sayar da sassanta. Waɗanda aka adana don tarihi an fi samunsu a fadoji da gidajen tarihi, kamar tsohuwar Rolls-Royce ta shekarun 1950 da ke fadar Kano, da baƙar Mercedes-Benz da aka harbe Janar Murtala Muhammad a cikinta ranar 13 ga Fabrairu 1976, wadda ke Gidan Tarihi na Ƙasa a Legas.

Wasan mota a fim

Wani fim da ya haɗa ƙungiyar tsofaffin motoci da tsere a kan titi a idon jama'a shi ne Genevieve, na Birtaniya, wanda Henry Cornelius ya ba da umarni a 1953. Labarin wasu abokai biyu ne da suka shiga tattakin tsofaffin motoci daga Landan zuwa Brighton, sannan suka yi caca a kan wanda zai riga komawa gida, ɗaya a Darracq ta 1904, ɗayan a Spyker. Shi tattakin na gaske ana yin sa a watan Nuwamba, motocin da aka ƙera kafin 1905 ne ke shiga, kuma ba tsere ba ne, domin dokar ƙasar ta hana tsere a hanyar jama'a.

A 1976 Claude Lelouch ya fitar da gajeren fim mai suna C'était un rendez-vous. Ya ɗaura kyamara a bambar gaba ta Mercedes-Benz 450SEL 6.9, ya ratsa birnin Paris da asubahin wata rana a watan Agusta, bai rufe hanya ba, bai tsaya a jar danja ba. Fim ɗin bai kai minti tara ba, kuma ɗauka ɗaya ce babu yanka. Ƙarar da ake ji a ciki ta wata Ferrari ce da aka ɗora daga baya. Duk da cewa Lelouch ƙwararre ne, wannan fim shi ya zama abin koyi ga masu ɗaukar irinsa ba da izini ba.

A Japan, wani kaset mai suna Pluspy ya fito a 1987, yana nuna Keiichi Tsuchiya yana zamiya da Toyota AE86 a hanyoyin kan dutse. Kaset ɗin ya jawo aka dakatar da lasisinsa na tsere, ya kuma yaɗa salon a tsakanin matasa. A Suwidin, jerin Getaway in Stockholm ya fara a 2000 da wata Porsche 911 da direban da ba a nuna fuskarsa. Fim ɗin The Fast and the Furious na 2001, wanda aka ɗauko tushensa daga wani rahoton mujallar Vibe na 1998 a kan masu tseren dare a New York, shi ya kai hoton wannan rayuwa kusan ko'ina, har gidajen kallo na unguwannin Kano da Kaduna.

Akwai wasannin da suka girma a wajen Turai da Amurka. A Saudiyya ana kiransa tafhiɗi, kuma mai bincike Pascal Menoret ya rubuta littafi a kansa a 2014 bayan ya zauna da masu yinsa a Riyad. A Afirka ta Kudu wasan kewaye ya tashi a unguwanni irin su Soweto a shekarun 1980, da BMW 325i da suke kira gusheshe, daga baya aka mayar da shi gasa a filaye masu shinge.

Nijar da Kano

A Nijar an yi wani fim na abokai da tsohuwar mota wanda ya bi wata hanya dabam. Cocorico Monsieur Poulet ya fito a 1974, kuma an danganta shi ga Dalarou, sunan da aka haɗa daga Damouré Zika, Lam Ibrahim Dia da Jean Rouch. Tallou Mouzourane shi ne ɗan wasa na uku. Labarin wani mai fataucin kaji ne da ke fita daga Yamai zuwa ƙauyuka da wata tsohuwar Citroën 2CV mai suna Patience. Ba su rubuta labari tun farko ba, lalacewar motar da gyaranta su ne suka riƙa ba su abin ɗauka, har da inda suka kwance ta gunduwa-gunduwa don su ƙetare kogin Neja. Abin dariya da mamaki a fim ɗin shi ne dabarar bakanike, babu gudu a cikinsa. Jean Rouch ya rasu a haɗarin mota kusa da Birnin Ƙonni ranar 18 ga Fabrairu 2004, yana da shekara 86.

Masana'antar fim ta Kano ita ma daga ƙungiyoyin 'yan sha'awa ta fito. Ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa ce ta fitar da Turmin Danya a 1990, wanda Salisu Galadanci ya ba da umarni, kuma shi ake ɗauka a matsayin fim ɗin Hausa na farko a kaset da ya yi kasuwa. Sunan Kannywood ya bayyana a mujallar Tauraruwa a 1999. Fina-finan Kano sun fi karkata ga soyayya, zaman aure da waƙa. Mota a cikinsu takan zama alamar arziki, kuma haɗari akan nuna shi ta ƙara da yankan hoto, domin farfasa mota da rufe titi sun fi ƙarfin jarin yawancin masu shiryawa.

Hoton wasan mota na gaske ya fi fitowa daga masu ɗaukar bidiyon biki, sannan daga wayoyi. Layukan wayar salula sun fara aiki a Najeriya a 2001, YouTube ya zo a 2005, daga baya Facebook, Instagram da TikTok suka zama inda ake sa gajerun bidiyo. Wannan ya sauya yanayin wasan ta hanya biyu. Masu kallo sun daina zama mutanen unguwa kaɗai, sai direba ya riƙa auna kansa da abin da ya gani daga Riyad ko Tokyo. Na biyu, masu ɗauka sukan matso kusa da motar, wasu su zauna a taga ko su tsaya cikin da'irar da take kewayawa.

Yadda ake nuna gudu a fim

Yawancin gudun da ake gani a fim aikin kyamara ne da tacewa. Dabara mafi daɗewa ita ce rage yawan hotunan da ake ɗauka a daƙiƙa. Idan aka ɗauki hoto 18 a daƙiƙa aka nuna su a kan 24, motar da ke tafiyar kilomita 60 a awa za ta bayyana kamar tana 80. Manhajojin tace bidiyo na waya suna yin wannan a yau cikin sauƙi.

Ajiye kyamara kusa da ƙasa yana sa kwalta ta riƙa wucewa da sauri a ido, haka ma gilashi mai faɗin gani da kuma bin hanya mai bishiyoyi ko katanga a gefe. Yanka hoto gajere-gajere tsakanin taya, fuskar direba, hannu a kan giya da allurar gudu yana sa mai kallo ya haɗa gudun a ransa. Sauti yana ɗaukar kaso mai yawa na aikin, kamar yadda ƙarar Ferrari ta yi a fim ɗin Lelouch. Sanannen biyon mota na fim ɗin Bullitt na 1968, wanda ya kai kusan minti goma, an ɗauke shi ne cikin kwanaki da dama a titunan San Francisco da aka tsare, kuma wanda ya tace shi, Frank Keller, ya sami kyautar Oscar.

Masu shirya fim bisa ƙa'ida sukan nemi izinin hukuma, su rufe hanya, su sa nasu mutane a matsayin masu wucewa, su kawo direban da ya ƙware a wannan aiki, su ajiye motar asibiti da abin kashe gobara. Ana ɗaure kyamara a jikin mota don kada mutum ya riƙe ta a wuri mai haɗari. A Najeriya, amfani da jirgi marar matuƙi don ɗaukar hoto daga sama yana buƙatar izinin hukumar kula da sufurin jiragen sama da ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro.

A yankin Kazaure da Roni

Ƙananan hukumomin Kazaure, Roni, Gwiwa da 'Yankwashi su ne masarautar Kazaure, a arewa maso yammacin jihar Jigawa, wadda aka ƙirƙiro daga jihar Kano ranar 27 ga Agusta 1991. Babura tana gabas da su, tana kuma iyaka da Jamhuriyar Nijar. Babbar hanyar yankin ita ce wadda ta taso daga Kano ta Dambatta, ta ratsa Kazaure ta nufi Daura, daga nan ta kai iyaka a kan hanyar Damagaram. Ƙananan hanyoyi ne suka haɗa Roni da Gwiwa da ita, ta cikin ƙasa mai duwatsu da tuddai.

A irin waɗannan garuruwa babur ya fi mota yawa, don haka wasan babur a rakiyar amarya da ranakun Sallah shi aka fi sani. Hanyoyin karkara suna da nasu haɗari. Kwalta ɗaya ce ke ɗaukar motar haya, da amalanken shanu, da garken makiyaya, da yara 'yan makaranta, da masu zuwa cin kasuwa a ƙafa. Yashi yakan hau gefen hanya, tudu da kwana sukan ɓoye abin da ke tafe, da dare kuma babu fitila. Wanda ya ji mummunan rauni a ka ko a ƙashin baya sau da yawa sai an kai shi manyan asibitocin Kano, kamar Asibitin Ƙashi na Dala ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano.

Haɗari

Ƙarfin da mota ke ɗauke da shi yana ƙaruwa fiye da yadda gudunta ke ƙaruwa. Idan gudu ya ninka biyu, nisan da birki ke buƙata kafin ta tsaya yakan ninka huɗu. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa, don haka direban da ya kalli waya na daƙiƙa biyu ya yi tafiyar sama da mita 55 bai ga hanya ba.

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a haɗurran hanya duk shekara, kuma su ne kan gaba wajen kashe 'yan shekara 5 zuwa 29. Idan aka auna da yawan jama'a, nahiyar Afirka ce ta fi asara. Hukumar ta ce haɗarin mutuwar mai tafiya a ƙafa da mota ta buge yakan ninka huɗu da rabi idan gudun ya tashi daga kilomita 50 zuwa 65 a awa.

Tsufan mota yana ƙara matsalar. Bel ɗin kujera mai maɗauri uku ya fara fitowa a Volvo a 1959, birkin da ba ya kulle taya ya shiga manyan Mercedes-Benz a 1978, na'urar hana zamewa kuma a 1995, kuma kowannensu ya ɗauki shekaru kafin ya kai ƙananan motoci. Motar da aka zaɓa don ba ta da waɗannan na'urori ita ce kuma ba ta kare na cikinta. Tayoyi na hannu da suka daɗe sukan fashe idan sun yi zafi, wanda shi ne abin da kewaye ke jawowa.

Doka

Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, an kafa ta a 1988, kuma Farfesa Wole Soyinka ne shugabanta na farko. Iyakar gudun ƙaramar mota ta gida ita ce kilomita 50 a awa a cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 a tagwayen hanyoyi. Dokar hukumar ta 2007 ta sa tarar naira 50,000 a kan tuƙin ganganci, ta kuma tanadi ɗaurin da zai iya kaiwa shekara bakwai ga wanda ya yi sanadin mutuwa ta haka. A Kano akwai hukumar KAROTA, kuma rundunar 'yan sandan jihar takan haɗa kilisa da tseren mota cikin abubuwan da take gargaɗi a kansu gab da Sallah. Fim ɗin da za a sayar ko a nuna wa jama'a yana bi ta hukumar tace fina-finai ta ƙasa, wadda aka kafa a 1993, a Kano kuma akwai ta jiha tun 2001.

A shari'ar Musulunci, wadda Kano da Jigawa ke aiki da ita a kotunansu, kisan kuskure yana wajabta diyya ga magada da kuma kaffara, kamar yadda ya zo a aya ta 92 ta Suratun Nisa'i.

Wasu ƙasashe sun tsananta hukunci. Saudiyya ta ɗaga tarar tafhiɗi a 2016 zuwa riyal 20,000 a karon farko tare da tsare motar. A Jamus, bayan wasu matasa biyu da ke tsere a tsakiyar Berlin a Fabrairun 2016 sun yi sanadin mutuwar wani dattijo, an yi doka a 2017 da ta mayar da tsere a titi babban laifi, mai ɗaurin da zai iya kaiwa shekara goma idan an rasa rai.

Gasa mai izini

Tseren mota bisa tsari ba baƙo ba ne a yankin. Tseren Paris zuwa Dakar na farko, wanda ya tashi ranar 26 ga Disamba 1978, ya bi ta Agadas da Yamai, kuma ya ci gaba da ratsa Nijar a shekaru da yawa kafin a mayar da shi Kudancin Amurka a 2009, sannan Saudiyya a 2020. A jihar Kebbi, bikin kamun kifi na Argungu, wanda ya samo asali a 1934, an sha haɗa shi da ayarin gasar motoci.

Zamiya ta zama gasa mai alƙalai a Japan a farkon shekarun 2000, kuma Tsuchiya, wanda kaset ya taɓa jawo masa hukunci, yana cikin waɗanda suka kafa ta. Hukumar tseren motoci ta duniya, FIA, ta shirya kofinta na farko na wannan wasa a Tokyo a 2017. A irin wannan gasa ana duba mota kafin ta shiga fili, ana ƙarfafa cikinta da ƙarafa, direba yana sa hular kwano da bel na musamman, masu kallo da masu ɗaukar hoto kuma suna bayan shinge.

Duba kuma

Hawan Sallah
Kannywood
Acaba
Masarautar Kazaure
Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa